Tarihin Leonhard Euler (1707-1783) da Layin da Ya Gano a Cikin Alwatika

Gabatarwa

Duk wanda ya yi karatun sakandare a ƙasar nan ya sha zana alwatika a littafin lissafi, ya sa manyan haruffa A, B da C a kusurwoyinta, sannan ya sa ƙananan haruffa a, b da c a gefunan da ke fuskantar su. Haka muka yi ta yi ba tare da mun tambayi inda wannan tsari ya samo asali ba. Masana tarihin lissafi suna danganta yaɗuwarsa ga wani mutumin ƙasar Siwizalan mai suna Leonhard Euler. Haka ake rubuta sunan, amma a bakin mutanen ƙasarsu Oila ake cewa. Saboda haka Oila zan riƙa rubutawa, tunda mu a Hausa abin da aka furta shi ake rubutawa.

Na san wani zai ce me ya haɗa mujallar ɗaliban Hausa da masanin lissafi. Dalilaina biyu ne. Na farko, abin da Oila ya gano a cikin alwatika abu ne da kowa zai iya gwadawa da rula da kamfas da ɗan kwali, kuma ina so in nuna cewa ana iya bayaninsa da Hausa daga farko har ƙarshe. Na biyu, wani babban kaso na ƙarfin wannan bawan Allah ya fito ne daga iya zaɓen suna da alama, da iya shimfiɗa bayani yadda na baya zai fahimta. Wannan kuwa fagenmu ne, mu masu nazarin harshe.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Oila ranar 15 ga Afrilu, 1707, a birnin Basel. Mahaifinsa, Paul Oila, limamin coci ne, mahaifiyarsa Margarita ma 'yar gidan malaman coci ce. Yana jariri iyayensa suka koma wani ƙauye mai suna Riehen kusa da birnin, a can ya yi ƙuruciyarsa. Shi mahaifin ya taɓa ɗaukar darasin lissafi lokacin da yake jami'a, don haka shi ne ya fara ɗora ɗansa a kan hanya.

A 1720, yana ɗan shekara 13, ya shiga Jami'ar Basel. A lokacin akwai wani shahararren malamin lissafi a wurin mai suna Yohan Barnuli, wanda duk Turai ake ji da shi. Barnuli bai yarda ya zauna ya koyar da yaron shi kaɗai ba saboda ayyuka sun yi masa yawa. Abin da ya yi shi ne ya nuna masa littattafan da zai karanta da kansa, ya kuma ba shi izinin zuwa gidansa duk ranar Asabar da yamma da tambayoyin da suka gagare shi. A 1723 ya kammala digirinsa na biyu a fannin falsafa, inda ya kwatanta ra'ayoyin Dekat na Faransa da na Niyuton na Ingila.

Burin mahaifinsa shi ne ɗan ya gaje shi a aikin coci. Saboda haka Oila ya shiga karatun addini, ya kama koyon Girkanci da Ibraniyanci. Barnuli ne ya shawo kan mahaifin har ya bar shi ya bi lissafi. A 1727, bai cika shekara 20 ba, ya shiga gasar da Majalisar Masana Kimiyya ta Faris ke shiryawa. Tambayar wannan shekarar ita ce inda ya fi dacewa a kafa ginshiƙan da ake ɗaura wa jirgin ruwa filafilai. Ya zo na biyu, alhali ƙasarsu ba ta da teku. Daga baya ya ci wannan gasa har sau 12. A wannan shekarar dai ya nemi kujerar koyarwa a Jami'ar Basel, bai samu ba.

Zamansa na farko a Rasha

Sarkin Rasha Bitrus Babba ya kafa majalisar masana a birnin San Fitasbag, aka riƙa ɗauko malamai daga ƙasashen Turai. 'Ya'yan Barnuli biyu, Nikolas da Daniyel, suna cikin waɗanda suka tafi. Da Nikolas ya rasu a 1726, sai Daniyel ya yi wa abokinsa hanya. Oila ya bar Basel a watan Afrilu na 1727, ya isa San Fitasbag a watan Mayu, kuma daga nan bai sake taka garinsu ba har ya koma ga Ubangijinsa.

Ya sauka a mugun lokaci. A wannan watan ne Sarauniya Katarina ta Ɗaya, wadda ke riƙe da majalisar, ta rasu. Waɗanda suka karɓi ragama ba su damu da baƙin malamai ba, kuɗi ya yi ƙaranci, wasu suka tattara nasu ya nasu suka koma gida. Oila ya daure. A 1733, da Daniyel ya koma Basel, aka ba shi babbar kujerar lissafi yana ɗan shekara 26. A farkon 1734 ya auri Katarina Gsell, 'yar wani mai zane ɗan ƙasarsu. Sun haifi 'ya'ya 13, amma biyar kaɗai suka rayu har suka girma.

Abin da ya fara fito da sunansa a duniya wata tambaya ce da ta gagari manya, har da malaminsa. Idan aka tara 1 da 1/4 da 1/9 da 1/16, aka ci gaba haka ba iyaka, ina jimlar za ta tsaya? A 1735 ya nuna cewa amsar ita ce a ninka π da kanta a raba shida, wato kusan 1.645. Ita π ɗin nan, mai karatu zai tuna, ita ce lambar da'ira, 3.14 da ɗoriya. Ba wanda ya zaci da'ira za ta leƙo daga cikin wannan tari.

A wannan tsakanin kuma ya warware zancen gadojin Konisbag, garin da yanzu ake kira Kaliningrad. Kogi ya raba garin gida huɗu, gadoji bakwai suka haɗa su, mutanen gari kuma suna ta gardama ko mutum zai iya bin kowace gada sau ɗaya tak ya gama su duka. Oila ya ajiye taswira gefe, ya sa wa kowane yanki harafi, ya ƙirga gadojin da ke taɓa kowanne. Ɗaya yana da biyar, sauran ukun kowanne yana da uku. Mai wucewa ta wani yanki dole ya shiga ta gada ɗaya ya fita ta wata, wato gadojin yankin su zama bibbiyu, in ban da inda ya fara da inda ya ƙare. Yankuna huɗu kuwa duk mara suke da shi, ba cika ba. Saboda haka tafiyar ba za ta yiwu ba. A lura da yadda ya yi: ya sa suna, ya zubar da abin da ba a buƙata, amsa ta fito.

Ya kuma yi aikin zanen taswirar Rasha. Wajen 1738 idonsa na dama ya mutu, bayan wani zazzaɓi mai tsanani da ya taɓa kwantar da shi.

Shekara 25 a Balin

Bayan rasuwar Sarauniya Ana a 1740 al'amuran Rasha suka dagule, baƙi suka zama abin zargi. Sai Oila ya amsa gayyatar Firedarik na Biyu, sarkin Furushiya, ya koma Balin a 1741. Bari in ɗan ratse a nan. A wannan shekarar ce wani masanin lissafi Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, ya rasu a Alƙahira. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi, ta yadda jimlarsu za ta zo ɗaya a tsaye da kwance da karkace. Shi ma Oila ya yi rubutu a kan irin wannan jeri a 1776. Zamani ɗaya, tambaya ɗaya, ɗaya da Larabci ɗaya da Latin.

A Balin ya rubuta ayyuka kusan 380. Daga ciki akwai littafinsa na 1748 na share fagen lissafin abubuwa marasa iyaka, da na 1755. Ta hanyar rubuce-rubucensa ne alamomi da yawa da ake amfani da su yau suka zauna da gindinsu: f(x), da e, da i, da Σ ta jimla. Ita π wani Bature ɗan Birtaniya, William Jones, ya riga shi amfani da ita a 1706, amma sai da Oila ya ɗauke ta sannan duniya ta bi. Duk ɗalibin da ya karanta tarihin daidaita rubutun Hausa ya san cewa ƙirƙiro alama abu ne mai sauƙi, sa mutane su yarda da ita shi ne aiki.

Zamansa da sarkin bai yi daɗi ba. Fadar Firedarik fada ce ta Faransanci da iya zance da ba'a, irin ta marubucin nan Voltaire. Oila kuwa mutum ne mai sauƙin kai, mai riƙon addini, wanda ke tara iyalinsa kullum da dare su yi addu'a. Sarkin ya riƙa yi masa shaguɓe da idonsa ɗaya. Da shugaban majalisar masanan Balin ya rasu a 1759, Oila ne ya ci gaba da ɗaukar nauyin gudanar da ita, amma sarki ya ƙi ba shi sarautar. A lokacin Yaƙin Shekara Bakwai, a 1760, sojojin Rasha suka washe gonarsa da ke bayan gari. Da labari ya kai ga manyansu sai suka biya shi diyya, Sarauniya Elizabet ta Rasha kuma ta ƙara masa da nata. Ka ji girman da ilmi ya ja masa a wurin abokan gabar sarkin da yake yi wa aiki.

Daga 1760 zuwa 1762 ya rubuta wasiƙu fiye da 200 da Faransanci zuwa ga wata gimbiya 'yar gidan sarautar, yana yi mata bayanin haske da sauti da nauyi da mantiƙi cikin harshe mai sauƙi. An buga su daga 1768 zuwa 1772, aka fassara su cikin harsuna da dama. Jim kaɗan bayan waɗannan wasiƙu ne, a 1763, ya juya ga alwatika.

Mahaɗu huɗu da aka gada

Kafin a gane abin da ya yi, sai an san abin da ya tarar. Sunayen da zan yi amfani da su a nan ni na haɗa su don buƙatar wannan maƙala, kuma ƙofa a buɗe take ga wanda ke da waɗanda suka fi su.

Layuka biyu miƙaƙƙu, muddin ba tafiya suke a jere kamar ƙarafan hanyar jirgin ƙasa ba, dole wata rana su haɗu. Wannan ba abin mamaki ba ne. Amma idan aka ja layi na uku yadda aka ga dama, da wuya ya bi ta inda biyun suka haɗu. Yawanci sai ya kauce. Don haka duk inda aka ga layuka uku suna haɗuwa a ɗigo ɗaya a kowace irin alwatika, babba ko ƙarama, siririya ko mai faɗi, to akwai dalili. Tun zamanin da aka san irin waɗannan mahaɗu guda huɗu.

Ta farko ita ce cibiyar da'irar waje. A nemo tsakiyar kowane gefe, a tayar da layi daga nan ya tsaya cak a kan gefen, wato ya yi kusurwa mai digiri 90 da shi. Layukan uku za su haɗu wuri ɗaya. Dalilin ba shi da wuya. Duk ɗigon da ke kan layin da aka tayar daga tsakiyar AB, nisansa da A daidai yake da nisansa da B. Haka duk ɗigon da ke kan layin tsakiyar BC, nisansa da B daidai yake da nisansa da C. To inda waɗannan biyu suka haɗu, nisansa da A da C ma ya zama ɗaya ke nan, saboda haka dole layi na uku ya bi ta kansa. Da ƙauyuka uku za su haɗa kuɗi su haƙa rijiya ɗaya, kuma kowanne ya ce ba zai yarda ya fi wani yin tafiya ba, to a wannan ɗigo za a haƙa ta. Idan aka kafa tsinin kamfas a wurin, za a zana da'irar da ta bi ta kusurwoyin uku.

Ta biyu ita ce cibiyar da'irar ciki. A ja layin da ya raba kowace kusurwa gida biyu daidai. Inda ukun suka haɗu nisansa da gefunan uku ɗaya ne, don haka daga nan ake zana da'irar da ke zaune cikin alwatika tana taɓa kowane gefe ba ta ƙetare shi ba. Waɗannan biyu suna cikin kashi na huɗu na littafin Yuklid, wanda Larabawa ke kira Iƙlidis, da aka rubuta a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ta uku ita ce cibiyar nauyi, kuma ita ce ta fi daɗin gwadawa. A ja layi daga kowace kusurwa zuwa tsakiyar gefen da ke fuskantar ta. A yanka alwatikar daga kwali, a ɗora inda layukan suka haɗu a kan tsinin fensir: za ta zauna ba ta karkata ba. Wannan ɗigo yana raba kowane layi kashi biyu bisa ɗaya, wato daga kusurwa zuwa gare shi ninki biyu ne na daga shi zuwa tsakiyar gefe. A riƙe wannan, za mu buƙace shi. Arkimidis ya yi bayanin cibiyar nauyin alwatika a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa.

Ta huɗu ita ce mahaɗar tsayi. Daga kowace kusurwa a sauko da layi zuwa gefen da ke fuskantar ta, ya faɗa masa cak, kamar zaren da magini ke saki da ɗan nauyi a ƙarshensa don ya ga ko bango ya miƙe. Su ma ukun wuri ɗaya suke haɗuwa. Sai dai idan wata kusurwa ta wuce digiri 90, mahaɗar takan faɗa wajen alwatika, sai an tsawaita layukan a cim mata. Haka ita ma cibiyar da'irar waje take yi.

Malaman ƙasashen Musulmi sun ƙara a kan wannan gado. Akwai wata ƙa'ida da ke faɗin lokacin da kowaɗanne layuka uku da suka taso daga kusurwoyi za su haɗu wuri ɗaya. A littattafai da sunan wani mutumin Italiya, Giovanni Ceva, ake kiran ta, domin ya buga ta a 1678. Amma tana cikin Kitab al-Istikmal na al-Mu'taman ibn Hud, wanda ya yi sarautar Saragosa a Andalus daga 1081 zuwa 1085.

Layin Oila

Abin da ya rage, wanda shekara dubu biyu na zane da kamfas ba su fito da shi ba, shi ne dangantakar da ke tsakanin su mahaɗun kansu. Kowa yana kallon kowace mahaɗa ita kaɗai.

Shi ma Oila ba layi ya fita nema ba. Tambayar da ya sa gaba ita ce: idan aka goge alwatika aka bar wa mutum mahaɗun kawai, zai iya dawo da ita? Don ya amsa, sai ya ba gefunan uku haruffa, ya lissafa matsayin kowace mahaɗa da aljabara, sannan ya lissafa nisan da ke tsakanin kowace biyu. Yana cikin kwatanta waɗannan nisa sai ya ga uku daga cikinsu a kan miƙaƙƙen layi ɗaya suke. Bari mu ma mu sa musu haruffa: T ga mahaɗar tsayi, N ga cibiyar nauyi, W ga cibiyar da'irar waje. T da N da W suna kan layi ɗaya, N ce a tsakani, kuma daga T zuwa N ninki biyu ne na daga N zuwa W. Ɗigo biyu kullum ana iya haɗa su da layi. Na uku ya faɗo kan layin a kowace alwatika, shi ne labari. Ya aika aikin San Fitasbag, domin duk zamansa a Balin bai yanke hulɗa da majalisar can ba, aka buga shi da Latin a 1767.

Ga gwaji mai sauƙi. A zana alwatika mai gefuna santimita 18 da 24 da 30. Tsakanin gajerun gefunan biyu kusurwa mai digiri 90 ce. A irin wannan alwatika T tana kan wannan kusurwar, domin gajerun gefunan su da kansu layukan tsayi ne. W tana tsakiyar dogon gefen, santimita 15 daga kowace kusurwa. N kuwa tana kan layin da ya tashi daga waccan kusurwa zuwa tsakiyar dogon gefen. A auna: santimita 10 daga T, santimita 5 daga W.

Misali ɗaya ba hujja ba ne, don haka ga dalilin da masana na baya suka fi so, wanda ba ya buƙatar dogon lissafi. A haɗa tsakiyar gefunan uku. Za a sami ƙaramar alwatika a kife cikin babbar, kowane gefenta rabin na babbar ne, kuma a jere yake tafiya da shi. Ita wannan ƙaramar ba komai ba ce illa babbar da aka juya a kan N aka rage ta da rabi. Kowane ɗigo na babbar yana da takwaransa a ƙaramar, a ɗaya ɓangaren N, a rabin nisa. Kusurwar A, alal misali, takwararta ita ce tsakiyar BC, kuma wannan shi ne kashi biyu bisa ɗayan da na ce a riƙe. To yanzu a dubi layukan nan da muka tayar daga tsakiyar gefuna don neman W. Kowannensu ya tashi ne daga kusurwar ƙaramar alwatika, ya faɗa cak a kan gefenta da ke fuskantar kusurwar. Ashe layukan tsayi ne na ƙaramar. Ke nan W ita ce mahaɗar tsayin ƙaramar alwatika, wato ita ce takwarar T. Takwara kuwa mun ce a ɗaya ɓangaren N take, a rabin nisa. Magana ta ƙare.

Ita cibiyar da'irar ciki ba ta kan layin, sai idan gefuna biyu na alwatikar tsawonsu ɗaya ne. Idan kuwa duka ukun ɗaya ne, mahaɗun huɗu sukan tattaru a ɗigo guda, babu zancen layi.

Wannan aiki ya farfaɗo da nazarin alwatika. A 1821 wasu Faransawa biyu, Brianchon da Poncelet, suka nuna cewa da'ira ɗaya tana bi ta ɗigo tara: tsakiyar gefunan uku, da inda layukan tsayi uku suka sauka, da tsakiyar tazarar da ke tsakanin T da kowace kusurwa. Cibiyar wannan da'ira ma a kan layin Oila take, daidai tsakiyar T da W. A zamaninmu wani malami a Jami'ar Evansville ta Amurka, Clark Kimberling, ya tattara kundin irin waɗannan mahaɗu a intanet, sun kai dubun-dubata. Ni dai a ganina mafi yawansu ba su kama ƙafar huɗun farko wajen kyau ba.

Komawa Rasha da makanta

A 1766 haƙurinsa da Firedarik ya ƙare. Sarauniya Katarina ta Biyu ta gayyace shi da sharuɗɗa masu kyau, ya koma San Fitasbag yana ɗan shekara 59. Bai daɗe da sauka ba yana ta rufe idon hagun da ya rage masa.

A wannan hali ne ya shirya littafinsa na koyar da aljabara, kuma yadda ya shirya shi ya kamata masu sha'awar koyar da harshe su lura da shi. Ya zo da wani saurayi daga Balin wanda ke yi masa hidima, tela ne, bai san komai a lissafi ba sai ɗan ƙirge na yau da kullum. Shi Oila ya riƙa yi wa shifta. Kafin a gama littafin, telan ya iya warware matsalolin aljabara da kansa. An fara buga littafin a fassarar Rashanci a 1768 da 1769, sannan asalinsa na Jamusanci ya fito a 1770. Idan aka haɗa, mutumin nan ya yi rubutu da Latin ga masana, da Faransanci ga fada, da Jamusanci ga masu koyo, ya kuma iya Rashanci. Kowane mai sauraro da harshen da ya yi masa magana da shi.

Shekarar 1771 ta zo masa da jarrabawa biyu. Gobara ta tashi a birnin ta cinye gidansa, wani mutumin Basel mai suna Peter Grimm ne ya shiga ya ɗauko shi daga cikin wuta, aka kuma yi sa'a aka tsira da mafi yawan takardunsa. A wannan shekarar aka yi masa aikin ido, gani ya dawo na 'yan kwanaki, sannan ya sake tafiya. A 1773 matarsa ta rasu bayan zaman kusan shekara 40. Bayan shekara uku ya auri 'yar'uwarta da suke uba ɗaya, Salome Abigail.

Duk wannan bai rage masa aiki ba. Allah ya ba shi hadda ta ban mamaki: yana iya karanto doguwar waƙar Latin ta Virgil daga farko har ƙarshe da ka, yana kuma yin dogon lissafi a zuci. Yakan rubuta manyan haruffa da alli a kan allo, ɗansa Yohan Albrecht da almajiransa, irin su Nikolas Fuss da Anders Lexell, su kwafe su kammala. Da taimakon wasu daga cikinsu ya fitar da littafi mai shafi fiye da 700 a kan tafiyar wata a 1772. A 1775 kusan kowane mako sai ya gama maƙala guda. Kusan rabin ayyukansa duka bayan komawarsa Rasha ya yi su.

Rasuwarsa

Ranar 18 ga Satumba, 1783, ya yi lissafi a allonsa a kan yadda balan-balan ke tashi sama, domin a wannan shekarar aka fara tayar da su a Faransa. Ya ci abinci tare da Lexell suna tattauna hanyar da duniyar Yuranus ke bi, wadda aka gano a 1781. Da yamma jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, ya cika a daren yana da shekara 76. An binne shi a San Fitasbag.

Ya bar takardu masu yawan da majalisar ta shafe kusan shekara 50 tana bugawa bayan rasuwarsa. A 1911 aka fara tattara ayyukansa duka a Siwizalan, suka haura mujalladi 70, ƙasar kuma ta taɓa sa hotonsa a takardar kuɗinta ta faran 10. Wani masani ɗan Suwidin, Gustaf Enestrom, ya jera ayyukan ya ba kowanne lamba, suka kama 866. Maƙalar alwatika ita ce ta 325.